Hayaƙin Mangazar Surukina

Da yawa cikinku kun turo mini mesaj kuna tambayar dalilin ɗaga bikina, wasu ma sun ce sun ga hotona da bandeji a goshi yana yawo a WhatsApp. To yau zan faɗa muku da bakina, don na gaji da jin labarina a bakin mutanen da ba su wurin.

Sunana Iklima Lawali. A unguwar Yantala ta Yamai aka haife ni, amma iyayena mutanen Maraɗi ne. Lafiyar jama'a na karanta, ina aiki a wani sarwis, wato ofishin lafiya, da ke Plateau. Aikinmu shi ne in bala'i ya faɗa wa unguwa, ambaliya ko gobara ko guba, mu bi gida-gida mu gano wa ya taɓu, me ya taɓa shi, me kuma zai biyo baya. Wanda zan aura sunansa Abdulkarim, ɗan Alhaji Ɗahiru mai shaguna a Zongo. Ba wanda ya haɗa mu, ni na ga abina na ce ina so. Babana da babansa tare suka yi ƙuruciya a Maraɗi, mota ɗaya ta kawo su Yamai, shi ya sa ranar da aka kawo lefena Baba ya yi ta share hawaye da bakin rawaninsa a gaban mutane.

Ran Laraba bayan la'asar ina ɗakin Mama ina gwada ɗinkin da tela ya aiko, shadda ruwan zuma, an bi wuya da bakin hannu da zare mai ruwan gwal. Mama tana bakin gado tana cewa in juya, wai ƙugun ya matse, dangin ango za su yi magana. Na ɗauki hoto a madubi na tura wa Abdul.

"Wannan ta wace rana ce?" ya rubuto.

"Ta ranar da za ka suma."

"Ai na riga na suma. Ƙaro wani hoton."

Ina cikin rubuta masa amsa wata ƙara ta girgiza gidan. Madubin ya saki bango ya tarwatse a gabana. Kafin mu miƙe aka sake ta biyu, sai wani wari ya shigo ta taga, kamar an ƙona tafarnuwa da kananzir wuri ɗaya. Idona ya fara zafi nan take.

Da shaddar a jikina na fita ƙofar gida. Can ƙarshen layinmu, babbar mangazar kwano ta Alhaji Ɗahiru, wadda duk unguwa ta sani da ajiyar shinkafa da taki, ita ce ke ci. Hayaƙin bai tashi sama ba yadda na gobara ke yi, ƙasa yake bi, rawaya-rawaya, yana shiga zaure yana fita. Mutane suka ɓarke da gudu kowa ta kansa. A kan idona wani mai kabu-kabu ya bi ta kan tsohuwar da ke tuyar fari masa a bakin hanya, kaskon mai ya kife mata a ƙafa, masu gudu suka riƙa tsallake ta. Tantabarun maƙwabcinmu suna faɗowa daga kan katanga suna shure-shure.

Na koma ciki na tsoma zannuwa a randa, na ɗaura wa Mama ɗaya a fuska, na ɗaura wa kaina. Na fito ina ce wa mutane kada su gudu gaban iska, su yanke ta gefe, su nufi wajen gudro, babban titin kwalta. Wasu sun ji, yawanci ba su ji ba. Ni da wata mata muka ja tsohuwar nan zuwa zaurenmu, fatar ƙafarta ta saɓule a hannuna.

Da 'yan pompiye suka iso suka saki ruwa, na ɗauka an samu sauƙi. Ashe nan ne abin ya fara. Ruwan da suka zuba ya fito daga mangazar fari sol kamar an dama koko, ya cika kwata, ya malala cikin lunguna, ya shiga tsakar gidajen da ke gangare. Na ga yara suna taka shi ba takalmi suna dariya. Na yi ta kora su har muryata ta dishe.

Da na shigo gida na tarar da Baba tsaye a bayan ɗakin girki, portabul a kunne, yana magana ƙasa-ƙasa.

"To, Alhaji. Na ji. Ba komi, ai ɗaya muke."

Da ya gan ni ya kashe ya sa a aljihu.

Na kira Abdul ban san adadi ba, bai ɗauka ba. Sai can ya turo, "Ina lafiya. Kar ki fita aiki gobe."

"Me ke cikin mangazar?" na rubuta.

Alamar ya karanta ta fito. Amsa ba ta zo ba.

Washegari da safe shugabarmu Dokta Mariya ta sa a gurup ɗin aiki cewa kowa ya hallara. Na sa doguwar riga baƙa da hijabi ruwan toka, na ɗauko jilen sarwis, 'yar rigar aiki marar hannu, na riƙe a hannu. Baba yana kan tabarma a tsakar gida, shayi a gabansa bai taɓa ba.

"Ina za ki?"

"Aiki, Baba."

"Yau ba ki fita."

"Baba, unguwarmu ce fa. Mutane suna asibiti."

"Akwai wasu ma'aikatan. Ke sati uku ya rage ki shiga gidan mutumen nan. Da wane ido za ki kalle shi in aka ce ke kika bi gida-gida kina tara masa magana?"

"Ba magana zan tara ba, Baba. Marasa lafiya zan nemo."

"Na ce ki koma ɗaki."

Wallahi tun da nake ban taɓa tsallake maganar Baba ba. Makarantar da ya zaɓa na yi, abokan da ya ce in bari na bari. Na durƙusa na ce ya yi haƙuri, na miƙe na fita. Ina jin Mama tana kiran sunana ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya na zauna ke nan.

Dokta Mariya 'yar Damagaram ce, gajeruwa, ba ta ɗaga murya amma in tana magana ba mai tari. Ta manna taswirar Yantala a bango, ta ja layi da jan alƙalami inda iska ta bi, ta ja wani da shuɗi inda kwata ta bi.

"Mai mangaza ya ce shinkafa da taki ne," ta ce. "Shinkafa ba ta kashe tantabara. Likitoci suna ba da magani da ƙiyasi, don ba su san sunan abin da suke yaƙi da shi ba. Mu za mu je mu gani. Kowane gida ku tambaya: ina kake lokacin, me ka shaƙa, me ka taɓa, me kake ji yanzu. Wanda ya yarda ku ɗebi jininsa. Duk rijiya ku ɗebi ruwanta, ku ce kada a sha sai mun dawo da amsa."

Da aka watse na tsaya. "Dokta, akwai abin da ya kamata ki sani. Mai mangazar..."

"Surukinki ne. Katin bikin yana kan teburina." Ta cire tabarau ta dube ni. "Kin fi kowa sanin lungunan, kina jin Zabarmanci, ina bukatarki. Amma in kin ga abu, za ki faɗa ko na wane ne?"

"Zan faɗa."

"To sa jilenki."

Mun wuni muna shiga muna fita. Kafin azahar abin ya fito fili, ko ba a kai jini ɗakin gwaji ba. Waɗanda hayaƙi ya bi ta kansu tari suke, ido ja, ƙirji na suka. Amma waɗanda farin ruwan nan ya taɓa nasu daban ne: amai, gudawa, gumi kamar an watsa musu ruwa, yawu na dalala ba sa iya riƙewa, naman jiki na rawa shi kaɗai. In ka haska idonsu sai ka ga baƙin tsakiyar ya tsuke kamar kan allura. Gida biyu muka tarar da yara kwance a haka iyayensu suna ba su jiƙo, wai zazzaɓi ne, muka sa aka kwashe su da motar sarwis. Dokta ta ce wannan aikin maganin ƙwari ne mai ƙarfi, amma irinsu da yawa, kuma sai an san nawa aka ajiye, nawa ya ƙone, ina sauran.

Gidan da ya fi zama a gangare na wani magini ne Bazabarme, Hamani. Tun daga nesa muka hango tabarmi a ƙofa, maza zaune. 'Yarsa Ramatu mai shekara huɗu ta rasu da asuba, yayarta Balkisa tana asibiti an sa mata bututu a hanci. Su biyun sun yi wasa a ruwan.

Na ajiye akwatin ƙanƙarar da jinin mutane ke ciki, na rusuna na ce, "Fonda tilas," wato gaisuwar mutuwa tasu.

Suka amsa. Sai wani daga gefe ya ce cikin Zabarmanci, "Wannan ba 'yar Lawali ba ce? Ita ce amaryar gidan mai mangaza."

Hamani ya ɗago. Dogo ne, hannuwansa duk siminti ya cinye su, idonsa a bushe ba hawaye.

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, amma ni..."

"Shi ya turo ki ki ƙirga mu?"

Ya miƙe ya sa ƙafa ya shuri akwatin. Murfin ya tashi, kwalaben suka watse suka farfashe, jinin mutanen da muka wuni muna roƙo ya bi ƙasa. Kafin in yi magana wani ya fizgi hijabina ta baya har wuyana ya shaƙe. Direbanmu ya shigo tsakani, suka rufe shi da duka, ina jin ƙarar sanda a bayansa. Dokta tana ɗaga katin aiki tana magana, ba mai saurarenta. Dutsen da ya same ni ban ga mai jifa ba. Na dai ji goshina ya yi ɗumi, jini ya rufe mini ido ɗaya, na durƙushe.

Wani hannu ya kama ni ya ja ni ƙasa-ƙasa zuwa cikin gida, aka rufe ƙofar kwano aka sa sakata. Uwar Ramatu ce, Gambi. Ba za ta girme ni da yawa ba. Ta yage gefen zanenta ta danne mini goshi, duwatsu suna sauka a kan ƙofa. Sannan ta zauna a ƙasa ta naɗe hannun rigarta ta miƙo mini.

"Ni na wanke ta da hannuna da ta shigo," ta ce. "Tun jiya hannun nan rawa yake. Ɗebi nawa. Ban damu da wanda za ki aura ba. Ɗaya ta rage mini."

Da ido ɗaya na nemo jijiyarta. Allura ɗaya ta rage a aljihun jilena, da kwalba ɗaya. Sai da polisai suka zo aka fitar da mu, aka yi mini ɗinki a goshi, Dokta ta karɓi kwalbar ta ce in je gida in kwanta.

Ina shiga gida kafin magariba na tarar da Yaya Anas a tsakar gida. Shi ne babba a ɗakinmu, shi ke kula da harkokin Baba. Bai tambayi ciwon ba.

"Ke ce Baba zai ce ki zauna ki fita?"

"Yaya, bari in..."

Marin ya juyar da ni na bugi randa. Ya kama jilen ya fizge har maɓallan suka watse, ya murɗe mini hannu ta baya sai da na ji kafaɗata ta yi ƙara. Portabul ɗina ya faɗo, ya ɗauka ya maka shi da bango, ya bi gutsattsarin da takalmi.

"Duk Zongo ana cewa ƙanwata ce ke yawo da 'yan bincike. Kin san abin da kike shirin jawo mana? Kin sani?"

Mama ta riƙe masa riga tana cewa ya bari, ɗinkin zai ɓalle. Ya riga ya ɓalle, jini na bin hancina. Abin da ya fi marin ciwo shi ne Baba. Yana zaune kan kujerarsa, carbi a hannu, yana kallon ƙasa. Mutumen da ko tsawa aka yi mini ina ƙarama sai ya yi faɗa, ranar bai ce uffan ba har Yaya ya tura ni ɗaki ya kulle ta waje.

Da safe Mama ta buɗe ta shigo da kunu da ruwan zafi. Ta gasa mini fuska, ta canja bandejin, tana yi tana hawaye.

"Iklima, ki rufa mana asiri. Gidan nan za ki shiga, 'ya'yanki jikokinsa ne."

"Mama, yarinya ta mutu."

"Na sani. Na san uwar, ita ke kawo mini kopto, kwaɗon zogalen nan."

"To me Baba yake tsoro haka? Mangazar ba tasa ba ce."

Ta tattara kwanonin. Da za ta fita ta tsaya a bakin ƙofa kamar za ta ce wani abu, sai ta ja ƙofar ta murɗa makulli.

Ranar Juma'a ce. Na zauna bakin gado ina kallon akwatunan lefe jere a gefe, atamfofi da lesuka da takalma ko ledarsu ba a cire ba, ina tunanin Abdul. Mutumen da in na yi minti goma ban amsa mesaj ba sai ya kira ya ce ko na daina sonsa. Na ce a raina ko dai ya san komi tun farko, ko kuma shi ma an kulle shi kamar ni. Ban san wanne na fi so ya zama ba.

Bayan an sauko daga masallaci na ji ƙarar mota ta daki ƙofar gidanmu, har ƙasa ta zubo daga rufin ɗakina. Sai hayaniya, ƙafafu na gudu, wani yana cewa, "Shi ne, ɗansa ne."

Na riƙa dukan ƙofa da hannu biyu. "Mama, buɗe. Don Allah Mama, kashe shi za su yi."

Ta buɗe. Ko ɗankwali ban ɗauka ba.

Farar motar Abdul ta shige ƙofarmu ta ƙarfe, gabanta ya lotse. Masu dawowa daga masallaci sun kewaye ta, sun fasa gilashi, sun jawo shi ta taga suna ja a ƙasa. Wani yana dukansa da bel, wani da ƙafa, wani ya kawo bulo. Shi kuwa ko kare kansa ba ya yi. Na kutsa tsakaninsu, an bugi bayana, an taka mini yatsu, na faɗa kansa na rufe shi da jikina.

Warin ne ya fara bugun hancina. Tafarnuwa da kananzir, a rigarsa, a gashinsa. Rigar ta jiƙe sharkaf da gumi. Yawu na zuba ta gefen bakinsa, naman kumatunsa na rawa, tafin hannuwansa sun yi ja sun kumbura. Na ɗaga fatar idonsa. Kan allura.

Da na ɗago, Hamani ne tsaye a kanmu, ya ɗaga ƙarfen gini da hannu biyu.

"Tashi," ya ce. "Ba na dukan mace. Tashi."

Na yi masa magana da Zabarmanci, da duk muryar da ta rage mini. "Dubi bakinsa. Dubi idonsa. Haka Ramatu ta yi ko ba haka ba?"

Ƙarfen ya tsaya a sama.

"Abin da ya ci 'yarka shi ke cinsa. Ya taɓa shi da hannunsa, ya san sunansa. Likitocin Balkisa sunan nan suke nema tun shekaranjiya. In ka fasa kansa, da sunan zai tafi."

Wani daga baya ya ce ƙarya take, a gama da shi. Bulo ya wuce ta gefen kunnena ya fashe a jikin mota. Hamani ya juya ya nuna mai jifan da ƙarfen.

"Wanda ya sake jifa, da ni zai yi."

Mutane suka ja da baya. Ya yar da ƙarfen, ya sunkuya zai ɗauki Abdul, na ce kada ya taɓa shi haka. Mama ta miƙo ledoji muka ɗaura a hannu, na yage rigar na cire masa wando da takalmi, na zaro portabul ɗinsa daga aljihu na sa a nawa. A tsakiyar titi, gaban duk unguwa, muka riƙa kwara masa bokitin ruwa ina cuɗa shi da sabulun wanki. Mutumen da ko hannunsa ban taɓa riƙewa ba a gaban mutane. Mama ta lulluɓe shi da zanen gado, ta yafa mini mayafinta, Hamani ya saɓe shi a kafaɗa ya sa a taksin wani maƙwabci.

A hanya kansa yana kan cinyata, na juya shi gefe don kada yawu ya shaƙe shi. Numfashinsa kamar ana tafasa ruwa a ƙirji. Hamani yana gaba, ya juyo gaba ɗaya yana kallon bakinsa.

"Abdul, kana jina? Mene ne a mangazar?"

"Wurinki na taho," ya ce da ƙyar. "Na kira... portabul ɗinki a kashe."

"Na sani. Faɗa mini sunan."

Ya faɗa, harafi-harafi, yana tsayawa yana haki. Maganin kashe fara ne, tsoho, wanda wa'adinsa ya wuce da daɗewa. Babansa ya saye shi da araha ta bayan fage, ana ɗurawa a ƙananan kwalabe ana sayar wa masu garka, wato masu lambu. Na maimaita sunan har sau uku, na sa Hamani ma ya maimaita, ko da ɗayanmu zai manta.

"Duka ya ƙone?"

Ya girgiza kai. "Na ɗakin baya wuta ba ta kai ba. Tano-tano ne, manyan gangunan ƙarfe. Alhaji ya ce a kwashe kafin a zo dubawa. Lebura suka ƙi, ni na ɗauka da su Yaya Anas. Ɗaya ta fashe a hannuna."

"Yaya Anas? Ina kuka kai su?"

Ya rufe ido. Na girgiza shi.

"Abdul, ina?"

"Garkarku... ta bakin kogi. Babanki ya ba mu makulli."

Baba yana da garka a gangaren Yantala, daf da ruwa, inda mata ke sarin salati da kabeji suna kaiwa kasuwa. Na ɗago na haɗa ido da Hamani. Ya ji komi. Ya juya ya kalli hanya.

Muna isa asibiti aka zo da gadon turawa. Na bi su da gudu ina faɗa wa likita sunan maganin, ya juya ya ce wa nas ta kawo allurar atropin, ta kuma sanar da ɗakin yara yanzu-yanzu. Hamani ya bi nas ɗin da gudu wajen 'yarsa. Aka rufe ƙofa da Abdul, aka bar ni a baranda da leda a hannu, ƙafa ba takalmi.

Dokta Mariya tana asibitin tun safe tana bin marasa lafiyarmu. Ta fito ta gan ni, ta dubi kumburin fuskata, ba ta tambaya ba.

"An ce kin samo sunan. Ya faɗi ko akwai saura?"

Kafin in buɗe baki na hango Baba yana shigowa ta babbar ƙofa, da farar rigarsa ta Juma'a, yana sauri har hularsa ta karkace. Ya tsaya taku kaɗan daga gare mu yana haki. Idonsa kawai ya zuba mini. Na san wannan kallon, roƙo ne, kuma ban taɓa ganin Baba yana roƙon kowa ba.

Ku da kuke karantawa, kada wata ta ce mini abu ne mai sauƙi. Shi ya riƙa goya ni a babur zuwa lakwal, makarantar boko. Shi ya sayar da gonarsa ta Maraɗi na yi karatun nan da nake tsaye a kansa.

"Akwai saura," na ce. "Suna garkar mahaifina, a bakin kogi. Ga shi nan tsaye."

Dokta ta juya ta dube shi. Baba ya dafa bango, ya zame a hankali har ya zauna a ƙasa, farar rigar ta kwashi dattin baranda. Na ɗauka tsine mini zai yi. Na ma shirya ji.

"Ba su cikin garkar," ya ce, muryarsa kamar ba tasa ba. "Ko in ce, ba za su daɗe ba. Da na ji yaron nan ya faɗi a ƙofar gida, na san za a zo. Na tura Anas."

"Ka tura shi ya yi me, Alhaji?" in ji Dokta.

"Ya gangara da su cikin ruwa."

Kogin da duk Yamai ke sha. Dokta ta riga ta sa portabul a kunne tana gudu wajen mota, tana kiran pompiye, tana cewa a sanar da masu kula da ruwan gari. Na bi ta, na faɗa kujerar baya, direbanmu da kumburarren bayansa ya fizgi motar. Na zaro portabul ɗin Abdul, na nemo lambar Yaya Anas. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake. Muna hawa gudron Yantala aka ɗauka.

"Yaya, ni ce Iklima. Kar ka taɓa su. Don girman Allah ka matsa daga wurin, ka cire rigarka."

Sai ƙarar ƙarfe yana gungurawa a kan duwatsu, da motsin ruwa kusa-kusa. Sannan na ji tari, irin mai tafasa a ƙirji, wanda na gama ji a kan cinyata.

"Iklima," ya ce a hankali, kamar lokacin da muke yara. "Biyu sun shiga ruwa. Ta ukun ta buɗe a kaina. Ba na gani sosai."